Yadda Ake Ɗaura Kujerar Jariri a Motar da Ta Girmi Uwarsa

Idan kana da tsohuwar jif, irin wadda aka ƙera a zamanin da ba a kiran mota mota sai ta iya hawa dutse, kuma Allah ya ba ka jika, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari cikin kwana shida kujerar jariri za ta zauna daram a motarka. Ban ce kai za ka fito yadda ka shiga ba. Kujerar na yi wa alkawari.

Ba a makaranta na samo wannan ilimi ba. Na koye shi ne daga wani tsoho da ya yi shekara talatin da biyu yana aiki a laburare, yana ce wa mutane su yi shiru, sannan ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya koma gidan da babu wanda zai ce wa haka. Mutanen layinsu suna kiransa Baba Mai Jif. Duk kuskuren da ɗan Adam zai iya yi a wannan aiki ya yi shi, a jere, bai tsallake ko ɗaya ba. Shi ya sa ya zama abin koyi.

Mataki na 1: Ka karɓi aikin kafin ka fahimce shi

Wannan shi ne tushen komai. Mutumin da ke tsayawa ya fahimci aiki kafin ya ce to, ba ya taɓa zama gwani, sai dai ya zauna lafiya.

Ranar Lahadi 'yarsa, wadda ake kira Auta, ma'aikaciyar jinya, ta zo da jaririyarta 'yar wata huɗu da wani kwali mai girman ƙaramin firji.

"Baba, Litinin ta sama zan koma aiki. Gidan renon yara ƙarfe ɗaya suke tashi, ni kuma sai biyar. Ina son wanda zai riƙa ɗauko ta, ta zauna wurinsa kafin in taso."

"An gama," in ji tsoho.

"Ba a gama ba. Wannan kujerarta ce. Ranar Asabar zan zo in duba. Idan na girgiza ta, ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, Hajiya ce za ta riƙa ɗauko ta."

Hajiya ita ce uwar mijin Auta. Jikokinta bakwai, tana da sabuwar mota mai yin ƙara idan ka manta da ɗaura bel, mai yin ƙara idan ka matsa kusa da bango, mai yin ƙara, ina jin, ko mugun tunani ka yi. Shi kuwa tsoho wannan ce jikarsa ɗaya tak, kuma idan ta koma hannun Hajiya, ya san rabonsa da ita sai dai hoto a waya.

"Ke kanki a motar nan kika girma," ya ce. "A cinyar uwarki, ba bel ba komai."

Auta ta nuna tabon da ke saman girarta ta hagu. "Shi ya sa nake da wannan."

"Wannan ai akuya ce ta tsallaka titi."

"Akuyoyi ba su ƙare ba, Baba."

Kada ka yi gardama da ma'aikaciyar jinya. Ta ga ƙarshen duk wata dabara da kake shirin yi, an kawo mata ita a kan gadon ɗaukar majinyata.

Mataki na 2: Ka karanta littafin, amma a matsayin adabi

A cikin kwalin za ka tarar da ɗan littafi cikin harsuna goma sha huɗu. Tsohonmu ya sa tabarau, ya karanta shi a harsuna ukun da ya iya, ya yanke hukuncin cewa marubucin mutum ne da aka taɓa kai ƙara kotu, har yanzu bai warke ba. Kowace jimla gargaɗi ce. Babu jarumi, babu labari, sai zanen wani jariri mai fuskar wanda ya san abin da zai faru.

Littafin zai ce ka nemi wasu ƙugiyoyin ƙarfe guda biyu a tsagar kujerar baya. Ka nema, don sauke nauyi. Tsoho ya zura hannu ya fito da biro, da ɓawon alewa, da wani ɗan mabuɗi da ba ya buɗe komai a duniya. Ƙugiya babu. Lokacin da aka ƙera motarka, ba a ƙirƙiro ƙugiyoyin nan ba, da kyar ma aka ƙirƙiro tausayi.

Bayan haka ka dubi bayan motar da idon gaskiya. Babu kujera. Benci biyu ne dogaye, ɗaya a kowane gefe, suna kallon juna kamar dangin da suka zo rabon gado. Bel babu ko ɗaya. A shafi na tara akwai zanen irin wannan benci sak, an ja masa ƙaton jan kuros.

Ka ɗauki wannan a matsayin ra'ayin marubucin. Kowa da ra'ayinsa.

Mataki na 3: Kada ka kalli kujerar gaba

Shafi na goma sha ɗaya ne mai haɗari. Ya ce ana iya sa jariri a kujerar gaba, yana fuskantar baya, bisa sharaɗi uku: motar ba ta da jakar iskar nan mai fashewa idan an yi karo, akwai bel mai ratsa kafaɗa, kuma a tura kujerar baya har ƙarshenta. Jif ɗin tsoho ba ta da jakar iska, iskar da ta sani ita ce mai shigowa ta ramin da ke ƙasan ƙofa. Bel mai ratsa kafaɗa akwai. Saura sharaɗi na uku.

Tsoho ya rufe littafin, ya tafi ya dafa shayi.

Ga dalili. Kujerar gaba ta marigayiya ce. Mace ce gajera ƙwarai, har sai ta janyo kujerar gaba iya ƙarshenta, ta ɗora matashin zama, kafin ta hango titi. Daga nan take mulkin mota. Bai taɓa yin tafiya ba tare da an sanar da shi cewa ya wuce kwana ba. "Malam, ka wuce." "Malam, wancan ramin da gangan ka shige shi ko don Allah?" Shi ya sa yake kiranta Kwandasta, ita kuma ta ce ta karɓa, tunda direban ba a sakinsa shi kaɗai. Shekara talatin da takwas suna wannan aiki.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kujerar tana nan inda ta bar ta, matashin yana kai. Ba ya barin kowa ya zauna, ba ya barin kowa ya taɓa hannun da ake ja a matsar da ita. Abokinsa mai tsayi kamar falwaya, mai ciwon baya, a benci yake zama yana riƙe da ƙarfe. Idan aka tambayi tsoho sai ya ce ƙofar wancan gefen ce ta lalace. Ƙofar lafiyarta lau.

Don haka kai ma, idan ka ga hanya mai sauƙi a gabanka, ka kau da kai. Kana da sauran kwana biyar da za ka ɓata.

Mataki na 4: Ka samu jaririn gwaji

Ba a gwaji da ɗan mutane. Ka nemi wani abu mai nauyin kilo shida wanda ba shi da uwa. Tsoho ya ɗauko babban ƙamus ɗinsa mai juzu'i uku, ya naɗe a tawul, ya kwantar a kujerar, ya ɗaure masa 'yan igiyoyinta. Ya ce shi ne jariri na farko da ya san komai kuma bai ce uffan ba.

Sannan ya ɗora kujerar a benci, ya kawo igiyar shanya. Ya taɓa karanta littafi guda a kan ƙullin da matuƙa jirgin ruwa ke yi, kuma wanda ya karanta abu, a ganinsa, ya riga ya iya. Ya yi ƙulli bakwai. Ya ja da baya ya kalli aikinsa, ya ga ya yi kyau.

Ranar Talata da hantsi ya tada mota, ya hau layi a hankali, ya taka birki daidai ƙofar shagon maƙwabciyarsa tela. Kujerar ta kifa. Ƙunshin tawul ya fice, ya bugi bayan kujerar direba, ya dawo ya daki ƙofar baya, wadda tun shekaru ba ta rufuwa da kyau, ya faɗo titi.

Tela ta yi watsi da almakashi, ta fito hannu a ka. "Innalillahi! Baba Mai Jif, 'yar wa ka kashe?"

Tsoho ya sauko, ya buɗe tawul, ya duba. "Juzu'i na biyu ne. Bayansa ya karye."

"Wallahi sai na gaya wa Auta."

"In kin gaya mata, ni ma zan gaya wa mutane wa ya ɗinka wa mai kanti wandon nan mai ƙafa ɗaya gajera."

Aka yi sulhu. Ka lura, a wannan sana'a maƙwabta sun fi birki haɗari.

Mataki na 5: Ka nemi shawarar masana, don ka ji daɗin ƙin ta

Ranar Laraba ya je wurin mai walda. Mai walda mutum ne da ya yi imani duk abin da ke motsi a duniya kuskure ne.

"Kawo in like ta da ƙasan motar, Baba. Ko ranar tashin duniya ba za ta motsa ba."

"Roba ce."

Mai walda ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ransa ya ɓaci. "To in yi mata keji."

"Jikata ce, ba aku ba."

Da yamma surukinsa, mijin Auta, ya zo, yaro mai ladabi, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tashin wani. Ya zagaya motar sau biyu, ya yabi tayoyinta, ya yabi fentinta, sannan ya ce akwai wani abokinsa mai sha'awar tsofaffin motoci, idan Baba yana son ya huta. Tsoho ya tambaye shi ko abokin yana sha'awar tsofaffin mutane ma, a haɗa masa. Yaro ya yi dariyar dole. Sai idonsa ya faɗa kan kujerar gaba.

"Baba, ai ina ganin da an ɗan tura wannan baya…"

Tsoho ya cire tabarau, ya shiga gogewa da bakin riga, bai ce komai ba. Wannan shiru ne na laburare, an yi shekara talatin da biyu ana wasa shi. Surukin ya tuna yana da wani uzuri a wani wuri.

Bai jima da tafiya ba waya ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Malam, na ji ana ta fama. Don Allah kada ka wahalar da kanka, shekaru sun ja. Tawa da ƙugiyoyinta ta zo, ƙwas ɗaya an gama. Ai duk jikarmu ce, in ka yi kewa sai in turo maka bidiyo."

"Allah ya saka da alheri, Hajiya," in ji tsoho, ya kashe wayar, ya faɗi wata kalma da ke cikin juzu'i na uku.

Mataki na 6: Ka yi magudi

Idan ba za ka iya yin abu daidai ba, ka yi shi yadda zai yi kama da daidai. Rabin gine-ginen duniya haka suke tsaye.

Tsoho ya tuna cewa jarrabawar Auta girgizawa ce kawai. Ya sayo maɗaurin kaya irin na direbobin manyan motoci, mai ƙarfen da ake ja yana ƙas-ƙas, ya ɗaure kujerar da benci har robar ta yi ƙara. Ya cusa tsumma a kowace kafa, ya lulluɓe wurin da bargo mai zanen agwagi. Ranar Juma'a da la'asar ya kama ta da hannu biyu ya girgiza. Ko faɗin farce ba ta motsa ba. Ya ci jarrabawa. Hajiya ta sha ƙasa.

A nan ya kamata ka tsaya. Tsohonmu bai tsaya ba, saboda mugun halin nan na masu karatu, wato son sanin ƙarshen labari. Ya mayar da ƙamus ciki, ya nufi wani fili da ba kowa, ya ɗan ƙara wuta, ya taka birki irin na ranar akuya.

Kujerar ba ta rabu da benci ba. Bencin ne ya rabu da mota. Ashe wasu 'yan ƙarafa biyu masu tsatsa ne ke riƙe da shi tun kafin a haifi Auta. Ya ɗaga gaba ɗayansa, da kujera da ƙamus da agwagi, ya daki bangon motar da ƙarar da ta kori tsuntsayen filin.

Ya kashe inji. Ya daɗe a zaune, hannu a kan sitiyari. Zai iya mayar da bencin, ya gyara bargo, gobe Auta ta girgiza ta ce madalla, ba wanda zai sani. Ya tuna jinin da ya wanke daga girar yarinya 'yar shekara uku, da yadda uwarta ba ta yi masa faɗa ba ranar, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya juya ya kalli matashin da ke gefensa. Matashi ba ya magana, amma wanda ya yi shekara talatin da takwas ana gaya masa ya wuce kwana yakan gane da kansa idan ya wuce.

Mataki na 7: Ka ja hannun

Asabar da sassafe ya buɗe ƙofar da yake cewa ta lalace. Ya ɗauke matashin, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a kujerar direba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi sharhi. "Ki yi haƙuri, Kwandasta," ya ce, ya kama hannun da ke ƙarƙashin kujerar, ya rufe ido, ya ja.

Ba abin da ya faru.

Ya sake ja. Ya tura da kafaɗa. Ya zuba mai. Ya buga da takalmi. Shekara huɗu yana gadin kujerar kada wani ya matsar da ita, ashe ko mutum goma aka tara ba ta da niyyar tafiya ko'ina.

Ya ja mota zuwa garejin bakanikensa, dattijon da ya san cikin jif ɗin fiye da yadda ya san 'ya'yansa. Tsoho yana kiransa Injiniya idan yana neman abu.

"Injiniya, tsatsa ta cinye min kujera."

Bakanike ya leƙa ƙasa, ya ɗago yana dariya har da riƙe ciki. "Ba tsatsa ba ce, Malam. Noti ne. Ni na ɗaure shi."

"Kai? Da izinin wa?"

"Na mai kujerar, Allah ya jiƙanta. Ya fi shekara goma sha biyar. Ta ce duk ranar da ka ɗauki abokanka sai ka tura mata ita baya, ta dawo ta tarar ba ta ganin komai sai sama. Ta kawo motar da kanta, ta tsaya a kaina har na gama. Ta ce in na gaya maka, ta san inda matata ke sayen kayan miya."

"Shekara goma sha biyar," in ji tsoho. "Ni kuma ina ce mata na daina taɓawa don girmamawa."

"Ta ce haka za ka ce." Bakanike ya share hawayen dariya. "Na tambaye ta, to yaushe za a kwance? Ta ce, ranar da aka samu wadda ta fi ni gajarta a gidan nan."

Ya sake fashewa da dariya. Sai idonsa ya kai kan kujerar jaririn da ke kwance a baya, dariyar ta tsaya a hanya.

"Ba ni sifana," in ji tsoho.

Da hannunsa ya kwance. Kujerar ta zame baya sumul, kamar jiya aka sa mata mai, ta bar wani ɗan fili a ƙasa inda fentin motar na asali yake nan kore shar, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Bakanike ya cire tsohon bel ɗin da ya bushe kamar fata, ya sa sabo, ya duba inda aka kafe shi a jikin motar. Suka bi shafi na goma sha ɗaya layi-layi, tsoho yana karantawa, bakanike yana ja. Notin kuwa tsoho ya goge shi, ya sa a aljihun gaba.

Mataki na 8: Ka tsaya gefe, ka yi kamar ba komai

Auta ta iso ƙarfe goma, da jaririya a kafaɗa. Hajiya ma ta zo, wai hanya ce ta biyo da ita. Auta ta nufi bayan motar, ta leƙa, ba ta ga komai ba sai benci a karkace. Ta zagayo. Ta tsaya a gaban buɗaɗɗiyar ƙofar gaba.

"Baba, kujerar Mama."

"Shafi na goma sha ɗaya," ya ce, yana kallon wani wuri. "Marubucin ya fi yadda na zata."

Ta miƙa wa Hajiya yarinyar, ta kama kujerar da hannu biyu, ta girgiza da ƙarfin mai juya majinyata. Motar gaba ɗaya ta yi rawa a kan tayoyinta. Kujerar ba ta san ana yi ba. Hajiya ta sa hannu ɗaya ta gwada ita ma, ta ce ai dama ta san Malam mutum ne mai dabara.

Aka ɗaure jaririya. Auta ta hau ɗaya bencin a baya, ta rungume matashin uwarta, ta riƙe ƙarfe. Tsoho ya tada mota, suka tafi zagaye don ya ga hanyar gidan renon. Yarinyar tana kwance tana fuskantar baya, tana kallonsa da manyan idanu, kamar mai duba lasisin direba. Ba ta yi ko tari ba har suka kai babban titi. Can sai ta tsuke fuska, ta cika ƙirji, ta saki ƙarar da ta fi ta injin.

"Baba," Auta ta ɗaga murya daga baya, "ka wuce kwanar."

"Na ji," in ji tsoho, ya kunna sigina. "An riga an gaya min."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba bakanike ba ne, ba likita ba ne, ba kuma zai amsa kira daga uwar kowane jariri ba. Duk wanda ya tsaya a mataki na huɗu ko na shida, shi da 'yarsa, shi da Allah. Babu ruwana da igiyar shanya, ko ciwon gwiwa, ko aljihun rigar da noti ya huda. Ƙamus da ya karye ba a mayar da shi, amma wanda ya san mai ɗinkin littafi na ƙwarai yana iya yi mini magana. Haka kuma babu ruwana idan ranar Litinin, ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, mutane suka gan ka a danja, kai kaɗai da jaririya, kana juyawa wajen kujerar gaba kana kare kanka.